Lambar hatsin dara da kunka buga, wutsiyarta ba daidai take ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka, Allah shi ƙara basira. Ni mushen lissafi ne a wani kwaleji nan Tawa, kuma ina cikin masu karanta jaridarku tun daga shafin farko har talla.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin nan da kunka sa a shafin nishaɗi, na mai hikimar da ya ƙago darar shaɗranji mai gida 64, sarki ya ji daɗi ya ce mishi faɗi ladarka, shi ko ya ce ba ya son zinariya ba ya son doki, a sa mishi ƙwayar hatsi 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Wanda ya rubuta ya iya ba da labari wallahi, har ɗiyan ajina sunka zo suna ba ni. Sai dai jimillar da kunka buga a ƙasa, wato 18,446,744,073,709,600,000, ba ita ba ce. Ta gaskiya ita ce 18,446,744,073,709,551,615.

Na san mi wani za shi ce, mushe ya rasa aikin yi. Tsakanin lambobin biyu ƙwaya 48,385 ce kawai, ko rabin kilo ba ta cika ba, a cikin tulin da duniya duk ba ta iya nomawa. To in awo ake a kasuwa na yarda, ba mai faɗa a kan wanga. Amma ita lambar ga ba girmanta kaɗai ne abin kallo ba, girma ai ko wane yaro na iya jera sifiri har kayenshi shi cika. Abin kallon shi ne yadda anka gina ta, mi ke raba ta mi ba ya raba ta, kuma duk wanga a wutsiyar da kunka datse yake.

Ga hanya mafi sauƙi da mutum za shi gane akwai matsala ko bai da kalkilatiris. Cika ko mara, wasan da muke yi da ƙwallon dabino muna yara. Gidan farko ƙwaya 1 ce, mara ke nan. Duk sauran gidaje 63 ninki ne na 2, cika ne. In ka tara cika komi yawansu cika za ka samu, ka ɗora 1 bisa sai ta koma mara. Saboda haka jimillar tilas mara ce, ba yadda za a yi ta ƙare da 0. Har ma ana iya sanin da mi take ƙarewa ba tare da an yi dogon lissafi ba: dubi ƙarshen ninkin biyu, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, wutsiyar tana zagayawa ne 2, 4, 8, 6, kuma 2, 4, 8, 6, kowane taki huɗu ta dawo. 64 na rabuwa da 4 daidai, ke nan 2 in an ninka ta da kanta sau 64 da 6 take ƙarewa, a cire 1 saura 5.

Mi ya kawo cire 1? Wanga shi ne sirrin labarin duka kuma ba a faɗe shi ba a shafin naku. Gida biyu na farko sun tara 3, na gaba 4 gare shi. Gida uku sun tara 7, na gaba 8. Gida huɗu 15, na gaba 16. Kullum gidan da ke gaba ya fi duk abin da anka tara a baya da ƙwaya guda tak. To da akwai gida na 65 da 2 sau 2 har sau 64 za a zuba mishi, abin da ke cikin gidaje 64 kuwa ya gaza haka da 1. Shi ya sa masu lissafi ke rubuta ta a taƙaice 2^64 − 1. Kuma shi ya sa gidan ƙarshe shi kaɗai ya ɗauki 9,223,372,036,854,775,808, ya fi sauran 63 in an haɗa su.

Ina da zaton inda kuskuren ya fito, don na sha ganin irinshi. Wanda ya shirya shafin Excel ya buɗe ya buga lissafin, shi ko Excel lamba 15 na farko kaɗai yake riƙewa, sauran sai shi cike da sifiri bai ko yi maka sallama ba. Tamu lambar kuwa gurbi 20 gare ta. Kalkilatiris na hannu ma haka, shi 1.8446744 za shi nuna maka da ɗan 19 a gefe. Ba laifin na'ura ba ne, haka anka ƙera ta, amma mai amfani da ita ya kamata shi san iyakarta, musamman ku da kuke buga kasafin kuɗin ƙasa da miliyar miliyar.

Akwai kuma gwajin tara da anka koya muna a piramari, wanda yanzu yara da yawa sun manta da shi ko ba a ma koya musu ba. Tara lambobin ta gaskiyar ɗaya bayan ɗaya, 1 da 8 da 4 da 4 har ƙarshe, 87 za ka samu, 8 da 7 15, 1 da 5 6. Yanzu dubi ninkin biyu in ana zubar da tara tara: 2, 4, 8, 7, 5, 1, sai shi sake daga farko, taki shida shida. 64 shida goma ne da saura 4, na huɗu a jerin 7 ne, cire 1 saura 6. Sun haɗu. Taku da kunka buga in an tara 70 take badawa, wato 7, ta faɗi jarabawa. Kuma 87 ɗin nan ta gaya muna wani abu kyauta, 3 na raba lambar amma 9 ba ta raba ta.

Kafin in shiga cikinta bari in ɗan auna hatsin, don mutanenmu sun fi gane tiya da buhu bisa ga sifiri. A asalin labarin alkama ce, haka Ibn Khallikan ya kawo shi cikin Wafayatul A'ayan, littafin da ya fara rubutawa a Alƙahira a 1256, kuma tun kafin shi Biruni ya riga ya fitar da lambar cif wajen shekara ta 1000, da hannu, ba wuta ba batir. Amma tunda hatsi kunka ce mu bi hatsi. Mu ƙaddara ƙwaya 1,000 giram 10 ce don lissafi shi yi sauƙi, tiya kuma kilo biyu da rabi, ƙwaya 250,000 ke nan. Layi biyu na farko na darar, gida 16, duk abin da ke ciki 65,535 ne, kwatan tiya da 'yan kai, nan ne sarki ke dariya yana ganin ya samu wawa. Gida na 19 shi ne ya fara cika tiya guda. Na 24 ya kusa buhu. Na 28 ya haura tan ɗaya. In an kai rabin dara, gida 32, an tara wajen tan 43, lodin babbar tirela irin masu bin hanyar Konni, har yanzu dai sarki bai girgiza ba, abin da attajiri ɗaya ke iya biya ne. Rabi na biyu ne bala'in. Ƙasarmu a shekarar da damana ta yi kyau tana samun hatsi wajen tan miliyan 3 zuwa 4, to gida na 50 shi kaɗai ya wuce haka, ga sauran gida 14 suna jira kowane na ninka na baya. Jimilla wajen tan miliyar 184. Ko mun ce tan miliyan 4 kowace shekara ba fari ba fara ba tsuntsu, kuma ba wanda ya sha fura ko sau ɗaya, sai mun yi noma shekara dubu 46. Na gwada shimfiɗa shi bisa ƙasar Nijar duka, murabba'in kilomita 1,267,000, daga Gaya har Bilma, a kiyasina kaurinshi za shi kai wajen santimita 18, ya rufe idon sawu.

To wanga duk ban mamaki ne, amma mamaki na minti biyar. Abin da ni ke burge ni shi ne lamba mai gurbi 20 ɗan aji huɗu na kwaleji mai shirin birebe na iya fiɗe ta da alli, kamar yadda mahauci ke bin gaɓa ba ya sara ƙashi. Wuƙar kuwa tana cikin kayensu, sun hardace ta kamar karatun allo ba su san amfaninta ba: a² − b² daidai yake da (a − b) sau (a + b). Lambarmu 2^32 ce anka ninka da kanta anka cire 1, shi ko 1 ai 1 sau 1 ne. Ke nan ta tsage biyu:

4,294,967,295 × 4,294,967,297

Maƙwabta ne, 2 ce kawai tsakaninsu. Ta hagun ita ma irin uwar ce, sai ta sake tsagewa 65,535 × 65,537. Ita 65,535 ta ba da 255 × 257. 255 ta ba da 15 × 17. 15 kuma 3 × 5. Ranar da na yi wanga a tabulo, da munka iso 255 wata yarinya da ke zama can baya kusa da taga wadda ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce mushe 15 da 17 ne, tun ban rubuta ba, na ce ya anka yi kika sani, ta ce ai kullum lambar tsakiya ake nema, 16 sau 16 256 ne. Aji ya yi tsit sannan sunka fashe da tafi. Yarinyar ga a jarabawar da ta wuce da ƙyar ta samu rabin maki, don tambayoyin duk na cika gurbi da x da y ne waɗanda ba su nuna ma yaro inda za shi.

Yanzu muna da 3, 5, 17, 257, 65,537 da kuma babbar ta dama, 4,294,967,297. Biyar na farko duk gagara-rabo ne, haka nike ce musu a aji, wato lambar da ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Kuma dukansu fasali ɗaya gare su, 2 da 1, 4 da 1, 16 da 1, 256 da 1, 65,536 da 1, daga 2 ake farawa, 2, 4, 16, 256, kowace ka ninka ta baya da kanta, sannan ka ɗora 1. Wani alƙali Bafaranshe a garin Tuluz, Pierre de Fermat, wanda lissafi abin hutawarshi ne bayan aiki, ya ga biyar ɗin nan a jere sai ya ce a 1640 shi a ganinshi duk masu wanga fasali gagara-rabo ne har abada. Ya faɗa da bakinshi bai da hujja cikakka, amma ya sakankance. Ta shidan ita ce 4,294,967,297 ɗin nan tamu. Anka zauna a haka shekara 92 har Leonhard Euler ya zo a 1732 ya nuna cewa

4,294,967,297 = 641 × 6,700,417

duk mai shakka shi ɗauki bik shi ninka, minti uku ya isa. Kuma Euler ba zama ya yi yana gwada 7, 11, 13 ɗaya bayan ɗaya ba, ya gano cewa duk gagara-rabon da za shi raba wagga lamba tilas shi zama 64 sau wani abu a ɗora 1. In ka jera su ka zubar da masu rabuwa, 193, 257, 449, 577, 641 sunka rage a farko, ta biyar ta buɗe ƙofa. Abin dariyar ma shi ne tun daga nan duk wadda anka iya bincikawa a dangin, daga ta shida har ta talatin da uku, ba gagara-rabo ko ɗaya. Biyar ɗin da Fermat ya gani su ne dai har yau. Ina yawan ba yara wanga labari in sun gwada misali uku sun ce mushe ai kullum haka ne.

Saboda haka ga lambar a fiɗe: 3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417. Gagara-rabo bakwai, ba wanda ya maimaita kanshi, ma'ana ba wata lamba mai ninkin kanta irin 4 ko 9 ko 25 da ke raba ta. Kowane cikin bakwai ɗin ko ka ɗauke shi ko ka bar shi, zaɓi biyu sau bakwai, shi ya ba da masu raba ta 128 cif, daga 1 har ita kanta. Lamba mai wanga girma amma hanyoyin raba ta daidai 128 kawai. Mutum 3 na iya raba hatsin ba faɗa, kowa shi kwashi 6,148,914,691,236,517,205. Mutum 5 ma haka, 15, 17, 51, 85. Mutum 7 sai ƙwaya 1 ta yi saura. Jihohinmu 8 in an haɗa da Yamai, saura 7, ƙwaya guda ta hana. Na taɓa kai ma wani malami maƙwabcina mai rabon gado, ya duba ya yi murmushi ya ce asalin mas'ala bakwai ne a wurinsu, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, a cikinsu 3 kaɗai ke shiga wagga dukiya, sauran duk sai an fasa ƙwaya. Ya ce ko zakkar ma, ushirin noman ruwan sama, in an fitar ƙwaya 5 za ta tsaya tana kallonka. Da lambar da kunka buga ce da 2 da 4 da 8 da 10 duk sun shige, 3 ce za ta ƙi. Kun ga ke nan ba ɗan kuskure ba ne, wata lamba ce daban mai wani hali daban.

Shi malamin ne ma ya tuna mini rabon da malaman hisabi na da ke yi ma lambobi gida uku, tammu da za'idi da naƙisi. Ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In sun ba da ita daidai tammu ce, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28. In sun wuce ta za'ida ce, kamar 12 da nata ke kai 16. In sun gaza naƙisa ce. Tamu duk da girmanta naƙisa ce, masu raba ta 127 in an tara su wajen kashi 70 cikin 100 nata suke kaiwa. Dalili a fili yake, ba ta da 2 a ciki, babban rabonta sulusi ne, sai humusi, daga nan sai ƙanana, 1 bisa 15, 1 bisa 17, ba su isa su cike ba.

Amma darar nan tana haihuwar tammu ta wata hanya, kuma nan ne na fi so. Tun zamanin Yunanawa Uƙlidis ya nuna cewa in ka tara gidaje daga farko jimillar ta faɗo gagara-rabo, to ninka ta da abin da ke gidan ƙarshe da ka tsaya, tammu za ka samu. Gida biyu 3 ne, sau 2, 6. Gida uku 7, sau 4, 28. Gida biyar 31, sau 16, 496. Gida bakwai 127, sau 64, 8,128. A gidaje 64 ɗin duka sau 9 kaɗai wanga ke faruwa, a gida na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31 da 61. Ku lura lambar gidan ita kanta tilas ta zama gagara-rabo, shi ya sa tun daga nesa an san ta gida 64 ba ta cikinsu. Sai dai ba kowane gida gagara-rabo ke badawa ba, na 11 ya tara 2,047 wadda take 23 × 89. Jimillolin nan da ke faɗowa gagara-rabo su ake kira gagara-rabon Mersenne, sunan wani limamin kirista Bafaranshe na zamanin Fermat, kuma har gobe farautarsu ake. A watan Oktoba 2024 wani Ba'amurke Luke Durant, cikin shirin nan na GIMPS da mutane ke ba da aron kwamfutocinsu, ya samo ta 52, wato dara mai gida 136,279,841, lambar da gurbinta ya kai 41,024,320. Tamu mai gurbi 20 jaririya ce a gabanta.

Wani za shi ce to duk wanga mi ya shafi mai neman na cefane. Ku je kasuwa wurin samarin nan masu cajin waya da tura fim da waƙa a katin memwar. Ku tambaye su mi ya sa wani lokaci kati na da fili fal amma fim guda mai nauyi ya ƙi shiga. Za su ce maka in ya wuce jiga 4 ba ya shiga sai an sake fomatin. Ba su san sunanta ba amma 4,294,967,295 ce ta tare su, rabin darar nan, don tsohon tsarin FAT32 gurbi 32 ya ware ma girman fayil, kowane gurbi ko 0 ko 1, in duk sun zama 1 an kai bango. Sabon tsarin exFAT gurbi 64 ya ware, bangonshi a takarda shi ne lambarmu ɗin nan daidai. A harshen kwamfuta ita 1 ce sau 64 a jere ba sifiri ko ɗaya, ita ce mafi girman lambar da gurbi 64 ke iya ɗauka, ka ƙara mata 1 komi shi koma 0. Wanda ya taɓa shiga saitin wifi ya ga 255.255.255.0, ita ma 255 ɗin ɗiyarta ce. Ita ko 65,537 tana cikin makullin sirri na RSA da bankuna da shafukan intanet da yawa ke aiki da shi, kusan kullum ita ake zaɓa, don gagara-rabo ce kuma lissafi da ita na da sauri a na'ura. 17 ma da nata labarin, Gauss yana ɗan shekara 18 a 1796 ya nuna ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da kompa da ruula kawai, abin da ya gagari mutane shekara dubu biyu, kuma dalilin da ya sa ya yiwu shi ne 17 na cikin biyar ɗin nan na Fermat.

Abin da ke ɗan ci mini rai, Malam Edita, shi ne yadda muke ɗaukar irin wanga ilimi kamar kayan baƙi ne. A daidai shekarun da Euler ke fasa lambar Fermat, wajen 1732, wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, yana rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi, murabba'in lambobin nan da ko ta ina ka tara jimilla ɗaya ce, ya tsara ƙa'idar gina masu gefe mara, 3 da 5 da 7 har sama. A Alƙahira ya rasu a 1741. Katsina fa, nan kusa da Maraɗi. Har yau a zaurukan Tawa akwai malaman da ke cika hatimi mai gida tara kowane layi 15 ido rufe, kuma matan da ke saida ƙosai suna juya dala zuwa sefa a kai, ka ce musu dala tamanin da biyar sun san 425 ne kafin ka laluba aljihu. Kan lissafi akwai shi. Abin da babu shi ne wurin da za a riƙa yi musu maganar da harshensu, a lakol da Faransanci ake yi, yaro na kokawa da harshe yana kokawa da lamba lokaci guda, in ya faɗi a ce ba shi da kai.

Don haka roƙona biyu ne. Na farko ku gyara lambar a fitowa ta gaba, a rubuta ta cikakka da gurbinta 20, a tabbata ta ƙare da 551,615, kuma don Allah a buga ta da hannu kar a sake kwafo ta daga Excel. Na biyu ku ɗan ware kusurwa ko da rabin shafi ne sau ɗaya a wata don hisabi da Hausa, ba wai tambayoyin jarabawa ba, irin wanga dai, a ɗauki lamba guda a juya ta a ga mi ke ciki. Mushe mushe da yawa a Tawa da Yamai da Damagaram za su rubuto muku kyauta, ni ma ina ciki.

In kun yarda ga ta farko. Darar da tsofaffi ke haƙawa a ƙasa gindin bedi, mai layi 5 gida shida shida, gida 30 ke nan. In an yi mata irin zubin nan na sarki jimillar 1,073,741,823 ce, wajen buhu 107 a awon da munka yi sama. Masu karatu su fiɗe ta har gagara-rabonta. Sarar farko irin ta ɗazu ce, 32,767 × 32,769, amma daga nan wuƙar a² − b² ba ta ƙara ci, don 32,767 ɗin 2^15 − 1 ce, 15 kuwa mara ce ba ta rabuwa biyu, sai an nemi wata dabara. In taimaka da abu ɗaya, a tara lambobinta a ga ko 9 na shiga wannan karon. Wanda ya samu shi aiko ta hannunku, ɗiyan ajina sun riga sun fara, biyu daga cikinsu sun makale a 32,767.

Na gode da haƙurin karanta doguwar takarda. A gaida ma'aikata.

Naku,
wani mushen lissafi, Tawa